Yadda ake shuka Bletilla, okid mai jure hunturu, a bayan gida

Duk wanda ya zauna a Ingila ya san furen okid da ake jerawa a bakin ƙofar manyan kantuna, cikin 'yar tukunyar roba mai ganin ciki, don mutum ya saya ya ajiye a taga. Yawancinsu Phalaenopsis ne, 'yan asalin dazuzzuka masu ɗumi na kudu maso gabashin Asiya. A can bisa itatuwa suke rayuwa, saiwoyinsu a fili suna shan iska da raɓa. Suna maƙale wa itace kamar kauci, sai dai su mazauni kawai suke nema, ba sa tsotsar komai daga jikinsa. Irin wannan in ya kwana ɗaya a waje cikin Janairu, ya tafi ke nan. Shi ya sa mutanenmu da yawa da ke zaune a nan suka ɗauka duk okid ɗan lele ne na cikin ɗaki.

Amma gidan okid babban gida ne. Nau'insa ya kai wajen 28,000, har da banila da ake sa wa kek da askirim, kuma a cikinsu akwai masu zama a ƙasa kamar kowace shuka, dusar ƙanƙara ta rufe su, su farka in lokacinsu ya yi. Wadda ta fi sauƙi a cikin waɗannan ita ce Bletilla striata. Na daɗe ina noma ta a ɗan filin bayan gidana a Leeds, kuma ita nake fara ba duk wanda ya ce min yana son gwada okid a waje.

Asalinta ƙasashen Sin, Japan, Koriya da Bama (Myanmar), inda take fitowa a gangaren tudu mai ciyawa da bakin kurmi. Japanawa na kiran ta shiran, Sinawa kuma baiji. Wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Carl Peter Thunberg, wanda ya zauna a Japan a 1775 zuwa 1776, shi ya bayyana ta ga Turawa a 1784, sunan da take amsawa yanzu kuma Bajamushe Reichenbach ya ba ta a 1878. Tsayinta santimita 30 zuwa 60 ne. Ganyenta dogo ne mai layi-layi a tsaye, sak ganyen ɗan dabino da ya tsiro daga ƙwallo a bayan ɗaki. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni take fitar da siririn kara daga tsakiyar ganyen, furanni kamar biyar zuwa goma su jeru a kansa, suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Ja ne irin na garura mai sirkin shunayya, leɓen furen kuma na da fararen tattara kamar bakin zanin da aka yi wa ado. Akwai fara da ake kira 'Alba', akwai 'Albostriata' mai farin layi a gefen ganye, akwai kuma 'yar'uwarta Bletilla ochracea mai rawayan fure. Mai farawa ya fara da jar, ita ce ta fi yafe kuskure.

A yankin Kachia na tashi, cikin manoman citta, kuma ranar da na fara riƙe saiwar Bletilla a hannuna sai na ga kamar ɗanyar citta aka ba ni: ƙulli-ƙulli masu faɗi, haɗe da juna kamar sarƙa, kowane sabon ƙulli da idonsa. Wanda ya san citta ya riga ya san rabin aikin. Tana son ƙasa mai laushi, tana son lulluɓi, tana son ruwa lokacin da take da ganye, kuma in ruwa ya kwanta mata ruɓewa take yi. Bambancin shi ne Bletilla na bukatar barcin sanyi. Sanyin kansa ba ya damun saiwarta. Ruwan hunturu da ke kwanciya a ƙasa shi ne ajalinta, kuma kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Samun iri

Iri biyu za ka gani a kasuwa. Akwai busasshiyar saiwa da ake sayarwa cikin leda da ɗan garin katako daga Fabrairu zuwa Afrilu, kusa da albasar furanni. Akwai kuma shuka mai rai cikin tukunya, da ganyenta, daga Afrilu zuwa Yuni. Ta tukunya ta fi tsada amma ita nake ba da shawara. Ta leda an yanke mata jijiyoyi, ta kuma yi makonni tana bushewa a kanti, don haka ko ta tsiro sau da yawa takan yi shekara ɗaya ko biyu tana mai da jiki kafin ta yi fure. Mutane da yawa a nan suke karaya su tone ta su zubar.

In ta leda kaɗai ka samu, ka matsa ta da yatsa tun kana cikin kanti. Mai kyau tana da tauri da nauyi. Wadda ta yi laushi, ko ta yamushe ta yi shafal kamar busasshen ɓaure, ko take da baƙin tabo mai danshi, ka bar ta. Ka duba ido: ɗan toho fari ko ruwan hoda mai tsini a gefen ƙullin. Saiwa mai ƙulli biyu ko uku a haɗe ta fi guda ɗaya tilo nesa ba kusa ba.

Abu biyu zan roƙi ɗan'uwa a nan. Na farko, kada ka tono okid ɗin daji. A cikin Yuni za ka ga wasu masu kyau a filayen ciyawa da gefen hanyoyin Ingila, amma dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana tumɓuke kowace shukar daji ba da izinin mai fili ba, wasu ma ko da izininsa. Kuma ko ba doka, yawancinsu sun dogara da wata irin funfuna da ke cikin ƙasar wurin, in ka raba su da ita mutuwa suke yi. A nan Yorkshire muna da darasi. Wata okid mai suna Cypripedium calceolus, masu tono sun bi ta har aka ɗauka ta ƙare a Ingila a 1917, sai a 1930 aka ga guda ɗaya tak da ta tsira a tsaunukan Dales, aka yi shekaru ana gadin ta kafin masanan lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan su iya hayayyafa ta. Na biyu, kada ka sa saiwar okid a jaka ka hau jirgi da ita, zuwa gida ko daga gida. Dangin okid gaba ɗaya na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ƙetare iyaka da su sai da takardu, ga kuma takardar lafiyar tsirrai da jami'an filin jirgi ke nema.

Zaɓen wuri

Littattafai da yawa za su ce maka inuwa-inuwa. Wannan gaskiya ne ga wanda ke Texas ko kudancin Sin, inda ranar la'asar ke ƙona ganye. Shi ya ba ta hantsi, ya kare ta daga azahar zuwa yamma. Amma a arewacin Ingila rana ba ta da wannan ƙarfi, kuma Bletilla da aka cusa a inuwa ganye kawai za ta yi ta yi ba fure. A nan ka nema mata wurin da ke samun rana aƙalla rabin yini. Gindin bango mai fuskantar kudu ko yamma ya fi ko'ina, domin bangon na riƙe ɗumi, yana kuma tare wani sashe na ruwan sama. Ka guje wa kwari, wato wurin da ya fi ko'ina gangarowa a filin: can ruwa ke taruwa, can kuma iskar sanyi ke kwana. Ka guje wa gindin manyan itatuwa masu cin ruwa, da bakin indararo.

Gyaran ƙasa

Nan ne aikin yake, kuma nan na yi asarar shukata ta farko. Ƙasar bayan gidana laka ce mai nauyi, irin wadda ke manne wa cebur. Sai na haƙa rami mai kyau, na cika shi da takin leda mai laushi, na dasa saiwoyina, ina ganin na kyauta musu. Ashe tukunya na gina musu. Lakar da ke kewaye ba ta barin ruwa ya wuce, takin kuma ya shanye shi kamar soso, suka kwana cikin ruwa daga Nuwamba har Maris. Da na gaji da jira a ƙarshen Afrilu na tona, sai na tarar sun yi baƙi, sun narke, suna wari. Ya yi min ciwo, domin da hannuna na yi musu haka.

Don haka kafin ka sayi komai, gwada ƙasarka. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa da yamma. In da safe ka tarar ya tsotse tsaf, kana da sa'a, sai dai ka ƙara mata taki. In ka tarar da ruwa kwance, kada ka dasa a cikin rami ko kaɗan. Ɗaga wurin za ka yi, ya yi tudu kamar kunyar dankali, santimita 15 zuwa 20 sama da sauran fili, ka tare gefensa da bulo ko katako don kada ruwa ya zaizaye shi. Saiwar ta zauna a cikin tudun, sama da matakin da ruwa ke kwanciya.

Haɗin da nake yi shi ne kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye ko takin gargajiya da ya gama ruɓewa har ya koma baƙar ƙasa marar wari, da kashi ɗaya na ƙananan tsakuwa wankakku, irin waɗanda ake sayarwa a buhu don lambu, girman ƙwayar dawa zuwa na wake. Ka auna da bokiti ɗaya, ka cakuɗa a baro sosai. Ka damƙi haɗin da hannu yana da ɗan danshi: ya kamata ya dunƙule, amma da ka taɓa shi da yatsa ya wargaje. In ya tsaya kamar curin fura, ƙara tsakuwa.

Kada ka yi amfani da yashin gini mai laushi maimakon tsakuwa, domin in ya haɗu da laka taurara ta yake yi. Kada kuma ka sa ɗanyen kashin kaji ko na shanu, yana ƙona jijiya yana kuma jawo ruɓa. Ruɓaɓɓen ganye shi ne abincinta na asali, kuma kyauta ne: ka tara ganyen da ke zuba a Oktoba da Nuwamba cikin baƙar leda, ka yayyafa masa ruwa, ka huda ledar a wurare da dama, ka jefa ta a lungu. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu za ka buɗe ka tarar da abin da ya fi duk takin kanti.

Dasawa

Saiwa mai barci ana dasa ta daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, in ƙasa ta daina daskarewa. Ta tukunya mai ganye kuwa sai bayan tsakiyar Mayu, lokacin da hatsarin daskararriyar raɓa ya wuce.

Ka buɗe ɗan rami mai faɗi, ka zuba tafi ɗaya na tsakuwa a ƙasansa. Ka kwantar da saiwar a kwance, ido na kallon sama, jijiyoyin a baje. Ka rufe ta da ƙasa kaurin santimita 5. A wuraren da sanyi ya fi na Ingila tsanani, kamar kudancin Kanada ko arewacin Amurka, a kai santimita 10. Fiye da haka ba shi da amfani, nisa da yawa na hana ta fure. Tsakanin saiwa da saiwa ka bar kamar taƙi ɗaya, santimita 20. Uku ko biyar a wuri ɗaya sun fi kyan gani a kan ɗaya a nan ɗaya a can. Ka danna ƙasar da tafin hannu a hankali, ban da ƙafa, domin idon na karyewa da wuri kuma in ya karye shekarar ta tafi. Ka ba ta ruwa sau ɗaya don ƙasa ta zauna, sannan ka ƙyale ta har toho ya fito. Ka kafa ɗan kara a wurin, saboda ba ta saurin fitowa, kuma mutum kan manta ya kai cebur kanta.

In ta tukunya ce, ka juye ta gaba ɗaya da ƙasarta ba tare da ka warware jijiyoyin ba, ka dasa daidai zurfin da take a tukunyar ko ƙasa da haka kaɗan. In kuwa ta leda ce da ta bushe sosai, gara ka fara tayar da ita a ƙaramar tukunya, a wuri mai haske da sanyi-sanyi, ƙasar da ɗan danshi kawai, har ta yi ganye da sabbin jijiyoyi, sannan ka kai ta fili a Mayu. Saiwar da ba ta da jijiya ba ta iya shan ruwa, duk wanda ka zuba mata ruɓar da ita zai yi.

Afrilu da Mayu, watannin tsaro

Tohon Bletilla na fitowa a Afrilu kamar bakin mashi, kuma furen shekarar na naɗe a cikinsa tun daga ƙasa. Saiwar na jure sanyi mai tsanani, amma tohon ba ya jure ko na dare ɗaya. In daskararriyar raɓa ta same shi, bakinsa zai yi baƙi, ganyen ya fito a ƙone, furen kuma sai baɗi. A arewacin Ingila irin wannan dare na iya zuwa har tsakiyar Mayu, musamman in an yini da rana, sama ta yi garau, iska ta kwanta. Ka riƙa duba hasashen yanayi kowace yamma. Da ka ga za a sauka ƙasa da digiri 2, ka kife bokiti ko babbar tukunya a kanta bayan magariba, ko ka yafa mata tsohon zani a kan 'yan karare don kada ya danne tohon. Da hantsi ka buɗe. Aikin minti biyu ne, kuma shi ke raba mai fure da marar fure.

Maƙiyi na biyu a wannan lokaci shi ne dodon-koɗi, mai katantanwa da marar ita. Ingila ƙasarsu ce. Suna son sabon toho, suna iya cinye kansa cikin dare ɗaya. Abin da ya fi yi min aiki shi ne fita da tocila bayan isha'i, in tsince su da hannu in kai su nesa. Sati biyu zuwa uku na haka yana rage su sosai. In za ka sayi magani, ka nemi ƙwayoyin da aka yi da sinadarin ƙarfe da fosfet, ka watsa kaɗan-kaɗan, ba tari ba. Tsohon maganin metaldihaid an hana amfani da shi a waje a Birtaniya tun Afrilu 2022 saboda yana cutar da tsuntsaye da bushiya, in ka gaji ragowarsa a rumbun tsohon gida kada ka yi aiki da shi.

Ruwa da taki

Daga lokacin da ganye ya buɗe zuwa Satumba, Bletilla mashayiya ce. Ka cusa yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji bushewa, ka ba ta ruwa har ya ratsa, a gindi, da safe. Ba ta son yayyafi kullum, ta fi son ƙoshi sau ɗaya ko biyu a mako in an yi fari. Ruwan sama da aka tara a duro ya fi, amma na famfo ma tana sha.

Taki kuwa kaɗan ne. Takin ruwa irin na tumatir, rabin ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya cikin mako biyu, daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Wanda ya yi mata shimfiɗar ruɓaɓɓen ganye kowace shekara ma yana iya barin na kwalba. In ka cika mata taki mai sa ganye, za ta yi kore shar ta hana ka fure.

Bayan fure

Tarin da ya kafu yakan yi kusan wata guda yana fure. In furannin sun zube, ka yanke karan daga ƙasa, sai dai in kana son 'ya'ya. Amma ganyen kada ka taɓa shi. Daga Yuli zuwa Oktoba ba ta da wani abin kallo, ganye ne kawai a tsaye, sai mutum ya ji kamar ya share wurin. A wannan lokacin ne kowane ganye ke gina sabon ƙulli a ƙarƙashin ƙasa, kuma a jikin ƙullin nan idanun baɗi ke fitowa, sau da yawa biyu. Haka ake samun toho uku ya zama shida, shida ya zama goma sha wani abu. Ka ci gaba da ba ta ruwa, ka cire ciyawa da hannu, ban da fartanya, don saiwar na kusa da sama. Sai ganyen ya yi rawaya ya kwanta da kansa a Oktoba ko Nuwamba, sannan ka kwashe.

Hunturu

Da ganye ya mutu, ban ruwa ya ƙare. Ka shimfiɗa mata lulluɓi kaurin santimita 5 zuwa 8 na ɓawon itace da aka farfasa ko busasshen ganye, kamar yadda ake rufe gonar citta da ganye bayan shuka. Yana kare ta daga daskarewa mai zurfi, yana kuma hana ƙasa saurin ɗumi a Maris, wanda ke jinkirta tohon ya tsallake wasu dararen sanyi. A Afrilu ka janye shi kaɗan-kaɗan daga kan tohon, ka bar sauran a kewaye. In unguwarku mai yawan ruwa ce, kamar Manchester ko Glasgow, ka ɗora mata falle na gilashi ko roba mai ganin ciki a kan bulo huɗu, ka danne da dutse, gefuna a buɗe iska na wucewa. Rumfa ce kawai ta tare ruwa. Kada ka naɗe wurin da leda ruf, gumi zai taru a ciki.

Ga mai tukunya

Wanda ke gidan haya ko bene na iya noma ta a tukunya, kuma tana yin kyau. Ka sami mai faɗin santimita 25 zuwa 30, mai manyan huji a ƙasa. Haɗin shi ne kashi biyu na ƙasar buhu da ake kira John Innes mai lamba 2, kashi ɗaya na ɓawon itace mai laushi, kashi ɗaya na tsakuwa. Ka ɗora tukunyar a kan bulo don ruwa ya fita, kada ka sa mata faranti a ƙasa. Tukunya na bushewa da wuri lokacin zafi, tana kuma daskarewa fiye da ƙasa a hunturu, domin sanyi na shigar ta ta ko'ina. Don haka daga Nuwamba ka shigar da ita gareji ko rumbun kaya marar hita, duhu ba ya damun ta tunda ba ganye. Sau ɗaya a wata ka taɓa ƙasar, in ta bushe ƙurmus ka ɗiga mata rabin kofi. Kada tausayi ya sa ka kai ta falo. Tana bukatar wata biyu zuwa uku cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba, in ba ta samu ba sai ta tashi a raunane ba fure. In kana sauya mata ƙasa ka ga ƙananan fararen tsutsotsi masu lanƙwasa kamar 'ya'yan gwazarma, ka tsince su duka ka zubar da tsohuwar ƙasar, jijiya suke ci.

Ga 'yan'uwa da ke gida

Wannan bukatar sanyi ita ce matsalar Bletilla a ƙasashenmu. Masu noma ta a wurare masu zafi kan tone saiwar in ganye ya mutu, su sa ta a leda mai huji da ɗan garin katako, su ajiye a ƙasan firij wajen kayan miya na mako takwas zuwa goma, nesa da tuffa da ayaba. Wahala ce, ga kuma batun wuta. Wanda ke son okid ta ƙasa a Abuja, Kaduna ko Kumasi gara ya nemi Spathoglottis plicata wajen masu sayar da furanni. 'Yar kudu maso gabashin Asiya ce, ganyenta da furenta sun yi kama da na Bletilla, ba ta barcin sanyi, tana fure watanni da yawa a shekara. Ita ba a binne ƙullinta, a saman ƙasa yake zama, kuma tana son inuwar la'asar da ruwa a kai a kai lokacin hunturu da bazara. Dajinmu ma na da nasa okid na ƙasa, dangin Eulophia, masu fitar da dogon karan fure a farkon damina, wasu tun kafin ganyensu ya fito. In ka gan su a Filato ko kudancin Kaduna, ka ɗauki hoto ka bar su a inda suke.

Rabawa da shuka 'ya'ya

Bletilla ta fi fure in ta cunkushe, don haka ba a gaggawar raba ta. Bayan shekara uku ko huɗu, in ka ga tsakiyar tarin ta yi sanƙo toho na fitowa a gefe kawai, lokaci ya yi. A Maris, da idanu suka fara kumbura, ka soka cebur mai yatsu nesa da gindi ka ɗago tarin gaba ɗaya. Ka karkaɗe ƙasar, ka duba yadda sarƙar ta tafi, ka yanka da wuƙa mai tsabta yadda kowane yanki zai tashi da ƙulli aƙalla uku da ido ɗaya ko biyu. Za ka ga wurin yankan na fitar da yauƙi kamar kuɓewa. Wannan yauƙin ne Sinawa suka daɗe suna amfani da shi, a maganin gargajiyarsu na tsai da jini, da kuma manna siririyar waya a jikin kwanonin tagulla masu ado kafin a gasa su. A lambu kuwa ƙofar ruɓa ce, don haka ka barbaɗa wa wurin garin gawayi ko kirfa, ka bar shi ya sha iska a inuwa kwana ɗaya, sannan ka dasa kamar yadda aka faɗa a sama.

Tsofaffin ƙulli na baya, waɗanda ba ido a jikinsu, kada ka zubar in dai suna da tauri. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka kwantar da su a tukunya daban cikin haɗi mai yawan tsakuwa, ka ajiye a inuwa da ɗan danshi. Da yawansu na da idanu masu barci da ke farkawa in an raba su da na gaba, su ba ka ƙananan shuke-shuke da za su yi fure bayan shekara biyu ko uku.

'Ya'yan okid kamar ƙura suke, ba su da guzurin abinci a cikinsu kamar wake ko masara, shi ya sa yawancin nau'o'in ba sa tsirowa sai da taimakon funfuna ko a kwalbar ɗakin gwaji. Bletilla na cikin ƙalilan da ke tsirowa a gida. Ka bar kwanso ɗaya ko biyu a kan kara. A Oktoba ko Nuwamba, da ya yi rawaya kafin ya tsage, ka cire shi ka sa a ambulan ya ƙarasa bushewa. Ka sami robar abinci mai murfi mai ganin ciki, ka zuba ƙasar yayyafa iri kaurin yatsa biyu, ka jiƙa ta da tafasasshen ruwa ka bari ta huce, ka shimfiɗa takardar goge hannu ta kicin a kai. Ka kaɗa ƙurar 'ya'yan a kan takardar siriri-siriri, kada ka rufe su da ƙasa. Ka rufe murfin, ka ajiye a wuri mai haske da ɗumin digiri 20 zuwa 25, ban da rana kai tsaye. Cikin 'yan makonni za ka ga ɗige-ɗige kore kamar kan allura, daga baya su fitar da ɗan ganye. Ka riƙa ɗaga murfin kaɗan kowane mako su saba da iska, ka cire duk inda funfuna ta kama. In sun kai tsayin yatsa ka ɗebe su gungu-gungu da bakin cokali zuwa ƙananan tukwane. Hunturunsu na farko a tukunya su yi shi a wuri mai sanyi da ba ya daskarewa, su shiga fili a shekara ta biyu, fure kuma yawanci a ta uku ko ta huɗu.